Yadda ake noman barkono a tsakar gida a Sakkwato, daga shuka zuwa dakan yaji

Shekarar da na fara shuka barkono a bayan ɗakina, cikin watan Fabrairu na zuba iri. Ya tsiro, ya yi kore shar, har maƙwabta suna leƙowa. Da Afrilu ta kama sai ya fara fure, ni kuwa kullum da safe in tarar da furen a ƙasa fari fat kamar an watsa shinkafa. Na ƙara ruwa, na ƙara taki, a banza. Buhu 8 na dasa, abin da na tsinka bai cika gwangwanin madara ba. Kawuna da ke noman rani a fadamar Kwalkwalawa ya zo gaishe da Inna, ya dube su sau ɗaya ya ce, "Ke ɗiyata, wa yac ce maki a shibka tonka bakin bazara? Ba ruwa ta rasa ba, zahi na ya ishe ta."

Maganar tasa ita ce rabin aikin nan. Barkono yana son ɗumi, amma da zarar zafin rana ya haura digiri 35 furensa yakan kakkaɓe kafin ya ƙulla ɗa, mu kuwa nan daga Maris zuwa Mayu 40 ma wuce ta ake yi. Saboda haka lissafin wata ya fi taki muhimmanci. Sauran abin da zan faɗa miki, uwargida, duk mai sauƙi ne.

Kayan da za ki tanada

Iri shi ne farko, kuma sai kin san wanda kike so. Ƙananan barkono, wanda mu Sakkwatawa muke kira tonka, shi ya fi haƙuri da wahala, shi ya fi saurin bushewa, shi ne na yaji. Shambo dogo ne, fatarsa ba kauri, zafinsa matsakaici, yana ba miya ja. Attarugu, ko tarugu a bakinmu, shi ne mai ƙamshi da zafi, kuma shi ne ɗan gata: ya fi jinkirin tsirowa, ya fi shan ruwa, ya fi saurin fushi da rana. Tattasai don kauri da launi ake sa shi. Mai fara koyo ta fara da tonka da shambo, ta sa tarugu buhu biyu kawai na gwaji.

Sai buhunan shinkafa ko na taki da aka wanke, kamar 6 zuwa 10. In babu, tsohon bokiti, fasasshiyar randa, ko jarka mai lita 25 da aka yanke bakinta duk suna yi, muddin suna da zurfi sosai kuma an huda gindin. Kada ki yi amfani da jarkar da aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi. Ki nemi ƙasa, da busasshen kashin awaki ko na shanu wanda ya kwana biyu, da buntun shinkafa idan da hali, da toka kaɗan. Za ki buƙaci tsohuwar roba mai faɗi ta renon iri, gwangwanin da aka huhhuda gindinsa da ƙusa don yayyafi, tsohon gidan sauro, da 'yan sanduna. Na shanya da daka kuwa: tabarma mai tsabta ko faifai, mayafi mai shara-shara, turmi da taɓarya, rariya, da kwalabe masu murfi.

1. Zaɓen lokaci

Lokaci biyu ne ke gare mu. Na farko, ki zuba iri a ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba, ki yi dashe cikin Oktoba, fure ya zo cikin sanyin hunturu, ki yi ta tsinka daga Disamba ko Janairu har zafi ya shigo. Wannan na fi so, don iskar hunturu ita za ta busar miki da abin da kika tsinka, sai dai ban ruwa duk a wuyanki yake. Na biyu na damina ne: iri a farkon Yuni cikin inuwa, dashe a Yuli in ruwa ya zauna, tsinka daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. Wannan ya fi dacewa da wadda ruwanta na saye ne wurin 'yan ga-ruwa. Daga Janairu zuwa Afrilu kuwa ki adana irinki a kwalba.

2. Fitar da iri

Ki je Kasuwar Daji ko wurin mai kayan miyan unguwarku ki zaɓi waɗanda suka nuna jajir, masu ƙiba, marasa tabo. Ɗanye kore irinsa bai ƙosa ba, ba zai tsiro ba. Ki tsaga, ki kankare 'ya'yan a kan takarda, ki bar su a inuwa kwana 4 ko 5. Busasshen barkonon kasuwa ma yakan tsiro, amma ba ki san shekarunsa ba, don haka ki gwada tukuna: ƙwaya 10 a cikin jiƙaƙƙen tsumma, ki naɗe, ki riƙa yayyafa masa ruwa. In bayan mako biyu guda 7 sun fasa, irin yana da kyau. In 3 ne, nemi wani.

Irin leda na shagon kayan noma, idan kika ga an rubuta F1 a jikinsa, zai ba ki amfani mai kyau a shukar farko, amma 'ya'yan da kika cire daga gare shi ba za su maimaita uwarsu ba. Ki sani tun yanzu kada baɗi ki zargi ƙasa.

3. Haɗa ƙasa

Ƙasar galibin gidajenmu jigawa ce, ruwa yana wucewa ta cikinta kamar rariya. Ta fadama kuma laka ce, in ta bushe sai ta ƙame ta tsattsage. Haɗi ake yi: kwano 2 na ƙasar gida, kwano 1 na ƙasar fadama ko baƙar ƙasar gindin bishiya, kwano 1 na ruɓaɓɓen taki, da rabin kwano na buntu. In ba ki sami ta fadama ba ki ƙara taki. Ki watsa toka tafin hannu guda a kowane buhu, ki cuɗa sosai.

Takin nan dole ya zama tsoho, wanda in kin murza yana rugujewa kuma ba ya wari. Sabon kashin kaji wuta ne, kwana uku zai ƙone miki saiwa. In sabo kaɗai gare ki, ki tara shi wuri guda, ki jiƙa, ki rufe da buhu, ki riƙa juyawa har wata guda da rabi. Ki naɗe bakin buhun ya dawo rabi, ki huda gindinsa wuri 8 ko 10, ki cika, ki ba shi ruwa kwana 3 kafin dashe.

4. Reno

A robar reno ki tankaɗe ƙasar ta yi laushi. Ki ja layi da ɗan yatsa, zurfin bai wuce rabin gaɓar yatsa ba, wato kamar santimita 1, ki jera irin da 'yar tazara, ki rufe sama-sama. Kuskuren da aka fi yi shi ne binne shi da zurfi, sai a yi ta jira shiru. Ki yi yayyafi da gwangwanin nan safe da yamma, ki ajiye inda hantsi ke taɓawa amma ranar tsaka ba ta kai. Tonka da shambo sukan fito cikin kwana 7 zuwa 14. Tarugu yakan kai mako 3, kada ki zubar da robar ki ce ya mutu, na taɓa yi, daga baya na ga yana tsirowa a kan bola.

Ki lulluɓe robar da gidan sauro tun ranar farko. Ƙadangaru da kaji ba su san wahalarki ba, rana ɗaya za su aske tsiron tas. Idan kuma kika ga tsiro yana faɗuwa, gindinsa ya sirance ya yi baƙi daidai bakin ƙasa, ruwa ya yi yawa. Ki cire waɗanda suka kamu, ki tsallake ban ruwan yamma, ki matsar da robar inda iska ke kaɗawa.

5. Dashe

Bayan mako 5 ko 6, in ya yi ganye 5 zuwa 6 kuma tsayinsa ya kai ɗani guda, ya isa. Kwana 4 kafin nan ki riƙa fito da shi rana kaɗan-kaɗan ya saba. Da la'asar sakaliya ake dashe, don ya kwana cikin sanyi kafin rana ta same shi. Ki jiƙa robar, ki sa cokali ki ɗebo shi da ƙasarsa, kada ki fizgo. Guda ɗaya a buhu. Na san za ki ji kamar ki sa uku don kada wuri ya tafi a banza; guda ɗayan da ya sake ya fi ukun da ke ƙwacen abinci haihuwa. In a ƙasa za ki dasa, ki bar taku ɗaya da rabi zuwa biyu tsakaninsu. Ki kafa masa 'yar inuwa da kwali ko reshen dogon yaro na kwana 3. Zai yi yaushi ranar farko, ba komai.

6. Ban ruwa da taki

Ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu. In kin ji danshi, bari sai gobe. In a bushe take, ki ba shi har ruwa ya fara ɗiga ta gindin buhu. Da hunturu sau ɗaya a rana da safe ya isa, kamar lita 1 zuwa 2 ga babban gindi. A gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba. Abin da barkono ya ƙi jini shi ne yau ƙishirwa gobe ambaliya: nan ne za ki ga gindin tattasai ko shambo ya yi baƙin tabo ya lotsa. Ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buntu a saman buhun don ya riƙe sanyi, amma ki riƙa ɗagawa kina duba gara.

Ruwan wankin shinkafa da na kayan miya duk nasa ne. Ni buhu biyu na ajiye daidai inda maigida ke alwala, su ne suka fi kowane kyau a gidan. Ruwan wanki mai sabulun gari ko gishiri kuwa kada ya kusance shi.

Mako 2 bayan dashe ki ƙara masa taki tafin hannu, ki maimaita duk bayan mako 3. In takin zamani za ki sa, NPK 15:15:15 cikin murfin kwalbar lemo guda ya ishi buhu, ki binne shi a gefen buhun nesa da kara, ki bi da ruwa. Yuriya ki yi hankali da ita. Za ta ba ki ganye kamar na alayyafo, ki yi ta murna, 'ya'ya kuwa babu. Da ya fara nauyi ki kafa sanda ki ɗaure shi sako-sako da tsumma, saboda iskar hadari.

7. Ƙwari da ciwo

Kowace safiya ki juya ganye ki duba bayansa, can suke ɓuya. Darɓa, wato wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye, za ki gan ta cunkushe a kan sabon toho, ganyen yana danƙo, tururuwa na hawa da sauka. Akwai kuma wasu ƙananan fararen ƙudaje da ke tashi in kin girgiza reshe. Su ne ke kawo ciwon da ke sa ganye ya nannaɗe ya ƙanƙance, gindin ya tsugune ya daina girma. Wannan ciwo ba shi da magani. Ki tuge gindin ki ƙone kafin ya bi sauran, ko da kuwa shi ne wanda kika fi so.

Maganin da nake yi na dogon yaro ne, tunda ba unguwar da babu shi a garin nan. Ki tsinci 'ya'yan da suka faɗo, ki shanya, ki ɓare, ki daka ƙwayar. Giram 50, kamar cikin tafin hannu biyu, a lita 1 ta ruwa, ya kwana, ki tace da tsumma, ki narka ɗan sabulun wanka kamar ƙwayar gyaɗa, ki fesa da yamma har bayan ganye, sau ɗaya a mako. In ba lokacin 'ya'yan ba ne, ki daka ɗanyen ganyen ki jiƙa, sai dai bai kai ƙwayar ƙarfi ba. Kada ki fesa da rana tsaka, ganyen zai ƙone. Maganin feshin kanti ba na sa shi a abin da yara ke tsinka da hannu.

Idan gindi yana yaushi alhali ƙasa da danshi, ki tuge ki dubi saiwar. In ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, ƙananan tsutsotsin cikin ƙasa ne, kuma jigawa suka fi so. Ki zubar da ƙasar buhun nesa, kada ki sake sa barkono ko tumatir ko gauta a cikinta.

8. Tsinka

Tonka da shambo sukan fara nuna wata 2 da rabi zuwa 3 bayan dashe, tarugu yakan kai wata 4. Na miya kina iya tsinka ko yana kore, na shanya kuwa sai ya yi ja ko'ina. Ki tsinka da hancinsa, da almakashi ko farce, don reshen barkono gautsi gare shi, kina ja zai ɓalle. Duk bayan kwana 4 ko 5 ki zagaya, yawan tsinka yana sa shi sabon fure.

Zafi ya shigo kada ki tuge su. Barkono ba shukar shekara ɗaya ba ce. Ki rage rassan zuwa rabi, ki ja buhunan ƙarƙashin bishiya ko rumfar zana, ki ba su ruwa safe da yamma, kada ki sa rai da ɗa ko ɗaya. Ruwan farko na sauka za ki ga toho, kuma su za su riga sabon dashe haihuwa da nisa. Amfanin buhu ke nan a kan shukar ƙasa: yana ɗaukuwa.

9. Shanya

Nan ne ake asara bayan an gama wahala. Ki tsince masu huji da masu laushi, ki wanke, ki baza a faifai ruwan ya tsane sarai. Tonka da shambo a shanya su yadda suke. Tarugu da tattasai dole a tsaga su biyu ko huɗu, a kwantar da su cikin yana kallon sama, saboda namansu da kauri. Wata shekara na shanya tarugu kusan mudu guda ban tsaga ba. Waje ya yi kyau, ja mai sheƙi. Ranar da na zo daka na fasa ɗaya, sai ga funfuna baƙa-baƙa cike da cikinsa, na fasa na biyu haka, na goma haka. Duka na zubar. Kada ki ce za ki kankare ki yi amfani da sauran: irin wannan funfuna tana iya barin guba mai lahani ga hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Kada ki shanya a ƙasa, balle a bakin kwalta yadda ake gani a hanya. Ki ɗora tabarmar a kan gado, tebur ko rufin ɗaki, ki baza ba tare da wani ya hau wani ba, ki rufa mayafi mai shara-shara saboda ƙurar hunturu da ƙuda da tsuntsaye (tsuntsu ba ya jin zafin barkono ko kaɗan, shi ya sa yake yi masa cin gero). Ki juya sau biyu a rana, ki shigar da shi ɗaki kafin magariba saboda raɓa. Da hunturu tonka yakan bushe cikin kwana 4 zuwa 7, tsagaggen tarugu da tattasai mako guda zuwa kwana 10. Alamar ya yi: ki karya ya ce ƙas, ki girgiza ki ji 'ya'yan suna kaɗawa. In yana lanƙwasuwa kamar fata, da saura. Kada ki yi mamakin yadda zai ragu, abin da ya cika faifai zai dawo ɗan kaɗan.

In damina ta rutsa da ke, ki shiga da allura da zare ta hancinsu ki yi musu carbi, ki rataya a madafa sama da murhu inda ɗumi ke kaiwa amma harshen wuta ba ya kai. Zai ɗan yi duhu, ya ɗauki ƙamshin hayaƙi, wanda ni ina so a miyar kuka.

Ki adana shi a kwalba ko roba mai murfi, wuri mai duhu, don haske yana cinye jan. Wanda ba a daka ba yana shekara. Dakakke bayan wata 3 ƙamshinsa ya fara gudu, shi ya sa nake daka na wata guda-guda. Cikin Agusta, duk ranar da rana ta buɗe, ki fito da shi ya sha.

10. Daka da girki

Kafin daka ki cire hancin, ki sa shi a rana awa 2 ya yi ƙaras. Ki ɗiga man gyaɗa kamar rabin cokalin shayi a turmin tare da gishiri, hakan yana kwantar da ƙurar da ke sa atishawa. Ki ɗaure hanci da ɗankwali, ki juya wa iska baya, ki kori yara.

Yajin ƙuli, na tsire da awara da ɗanwake: ƙuli-ƙuli gwangwanin madara 4, tonka 1, busasshiyar citta rabi, kanumfari ƙwaya 10, masoro cokali 1, gishiri da dunƙule gwargwadon bakinki. Ki fara daka citta da kanumfari da masoro, su ne masu taurin kai, sannan barkono, ki tankaɗe, ki maida tsakin turmi. Ƙuli a ƙarshe yake shiga, kuma ki nemi wanda aka matse mansa sosai, in ba haka ba yajin zai dunƙule ya yi ɗan wari cikin mako biyu. Yajin daddawa, na garau-garau da dambu da kwaɗon zogale: tonka 2, daddawa 1, citta rabi, tafarnuwa busasshiya kaɗan. Daddawar ki farfasa ta ki shanya kwana 2 tukuna, danshinta ne ke lalata yaji.

Ɗanyen tarugu kuwa jajjage ya fi karɓarsa. Tarugu 10, tattasai 5, albasa manya 3, tafarnuwa ɗan kaɗan, ki jajjaga kada ya yi laushi, ki soya a man gyaɗa ludayi 2 da wuta kaɗan, kina juyawa har ruwan ya ƙone man ya taso sama. A firji yana mako guda. In babu wuta, ki yi na kwana 2 kawai, ki riƙa ɗumamawa safe da dare. Busasshen tattasai da shambo ki jiƙa su a ruwan zafi minti 20 zuwa 30, ki wanke, ki markaɗa da albasa, lokacin da ɗanye ya yi tsada ba wanda zai gane bambanci a miyar sure ko taushe.

Zafin barkono yana cikin farar jijiyar nan da 'ya'yan ke manne da ita, ba cikin 'ya'yan kansu ba. In girkin na tsofaffi ne ko na mai gyambon ciki, ki kankare ta. Ko ki jefa tarugu guda ɗaya cikin tukunya ba tare da kin fasa ba, ki tsame shi kafin ya fashe, za ki sami ƙamshin ba zafin. Miya in ta yi yaji da yawa, ƙarin ruwa ba ya fid da ke. Ki sa markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ko kabewa, ko ƙarin tattasai. Abin da ke kawo zafin a mai yake narkewa, ba a ruwa ba, shi ya sa wanda yaji ya kama nono ke ceton sa. Hannu in yana raɗaɗi bayan yanka, ki murza man gyaɗa ki wanke da sabulu, sau biyu. Ido kuwa ruwa mai tsabta kawai, mai yawa, ki yi ta zubawa.

In yajin da yawa har sai an kai inji, ki aika da yamma bayan masu niƙan gero sun gama, ki kuma ce wa mai injin ya bi da dusa ya wanke bakinsa. Na taɓa aika nawa da sassafe, maƙwabciyata ta biyo baya da geron kunun mai jego. Har gida ta same ni da kofin kunun a hannu, ta ce, "Yaya, ɗanɗana ki ji aikinki." Na kurɓa, hawaye suka zubo mini. Sai da na auna mata wani geron mudu biyu.